Tsagar Baba Tanko

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, gaisuwar da na hana ki kwana goma sha biyu alhali muna gida ɗaya. Allah Ya kai ki Bur Sudan lafiya. Ya tsare ki a mota, Ya tsare ki a tudu, Ya tsare ki a cikin ruwan nan da kika zaɓa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da tsakanin ɗakina da naki taku goma ne. To, kin san halina. Bakina ba ya iya maganar da ta wuce "kawo shayi". Innarki ta ce in motar Asabar ta tashi ban yi miki magana ba, ita ma ta daina yi mini, kuma kin san ta, in ta faɗa sai ta aikata. Shi ya sa na zauna a rakuba, rumfar tsakar gida, bayan la'asar na ɗauki biro. Da Larabci na saba rubutu, amma abin da ke raina ya ƙi fita sai da harshen da mahaifiyata, mai sunanki, ta riƙa yi mini faɗa da shi. Ki yi haƙuri ki karanta a hankali.

Maganar agogo zan yi miki. Kada ki ce, "Yaba kuma, har yau agogo?" Shekara arba'in ina gyaransu a kasuwar Umdurman, ban san wata hanyar shiga zance ba. Agogon nan nake nufi, baƙi mai kauri, wanda ke cikin gwangwanin shayi a ƙasan akwatina, wanda na taɓa buge miki hannu a kansa kina ƙarama. Ban taɓa gaya miki na wane ne ba.

Irinsa ba don ado aka fara yin sa ba. Bayan babban yaƙin duniya na biyu, da mutane suka soma shiga ƙarƙashin teku da tukunyar iska a baya, sai aka ga mantuwa ta fi kifi kashe su. Mutum yana can ƙasa yana aiki, bai san iskarsa ta kusa ƙarewa ba. Sai masu ƙira suka yi agogon da ruwa ba ya shiga, bayansa a murɗe da roba, hannuwansa shafe da wani fenti mai haske a duhu. Suka sa masa zobe mai juyawa a bakin gilashi. In za ki nutse sai ki juya zoben, ki daidaita alamarsa da dogon hannu, daga nan kina ganin mintocin da kika ci. Daga baya suka sa zoben ba ya juyawa sai gefe ɗaya, don in ya bugi dutse ya goce, ya ce miki lokaci ya ƙure da wuri, kada ya ce miki da saura. Wallahi duk sanda na tuna wannan dabara sai in ji ina ƙaunar wanda ya yi ta, ko da yake ban san shi ba.

Wannan na Baba Tanko ne. Gattas ne, mai nutso, a madatsar ruwa ta Jabal Awliya. Bahaushe ne kamarmu, kakansa ya taso daga Katsina da niyyar Makka, ƙafa ta tsaya masa a nan. Aikinsa ya sauka ƙarƙashin ƙofofin ruwa ya cire itace da ciyawa da ragar masunta da suka maƙale. Wani injiniya ne da ya gama aiki zai koma ƙasarsu ya kwance agogon daga hannunsa ya ba shi.

Lokacin ina da shekara ashirin da shida, sabon buɗe tebur ne ni a bayan maƙeran zinariya, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Wata Litinin ya zo, dogo, baƙi, idanunsa jajaye saboda ruwa. Ya ajiye agogon a gabana ya ce, "Usta Haruna, yana jinkiri. Cikinsa kawai za ka duba mini."

Na buɗe, na wanke, na sa mai, ya koma tafiya daidai. Da a nan na tsaya da ban rubuta miki wannan takarda ba. Amma sai na dubi jikinsa. Duk ya kurje, zoben ya koɗe daga baƙi ya koma toka, kuma daidai lamba ashirin an sa magagari an yi masa wata tsaga mai zurfi, mummuna. Na ce a raina, agogo kamar wannan ba zai fita daga teburina a haka ba. Ina da sabon zobe da ya yi masa daidai. Na yini ina goge jikinsa har ina ganin fuskata a ciki, na cire tsohon zoben na jefa a gwangwani, na sa sabo.

Ranar Alhamis ya dawo. Na miƙa masa ina jiran yabo. Ko kallonsa bai yi ba, babban yatsansa ya zagaya da shi a kan zoben, ya sake zagayawa.

Ya ce, "Ina tsagata?"

Na ce, "Baba, ai na raba ka da ita. Duba fa, sabo fil, kamar yau ya fito daga kwali."

Ya ce, "Cikinsa na ce maka."

Na ce, "Wannan kyauta na yi maka."

Mutum ne mai kunya, ba ya iya mayar da kyauta. Ya ce, "To, ma'alesh, ba komai. In na samu magagari na sake." Ya ɗaura ya tafi. Ni ga magagari a gabana guda uku, amma ban ce masa, "Baba, tsagar me take yi maka?" ba.

Sai daga baya na san amsar. Lokacin cikar kogi ruwan ƙarƙashin madatsa kamar kunu yake, ba lambar da ake gani. Shi kuwa sai ya sa babban yatsa a cikin tsagar, ya kawo agogon dab da gilashin fuskarsa. In hasken dogon hannu ya iso yatsansa, ko me yake riƙe da shi sai ya sake ya hau. Shekara ashirin haka yake yi. Ranar Asabar ƙofa ɗaya ta cije, aka kira shi da sassafe, bai samu magagarin ba. Ya sauka, yatsansa ya nemi tsaga ya ji sumul. Ya yi kintace, kintacen bai yi daidai ba. Iska ta ƙare masa hannunsa na cikin raga, ya fizge ya hau a guje. An tsamo shi jini na fita ta hanci da kunne. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma kunnensa na hagu bai sake ji ba, kuma likita ya hana shi nutso har abada.

Uwata, za ki je cikin mutanen da suka riga ki sanin ruwa. Za ki ga tsohon matuƙin kwalekwale yana ɗaure igiya ta wata hanya da littafinki bai faɗa ba. Za ki ga wani ƙulli, ko wani tsumma a jikin tukunya, ki ji hannunki yana ƙaiƙayin gyarawa, don jinina ne a jikinki. Ki mayar da hannun baya. Ki ce, "Ammu, wannan na mene ne?" Tambayar ba ta kai numfashi ɗaya ba, kuma ba wanda zai raina ki don kin yi ta.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, don na farko ban sani ba na yi shi. Ban je na duba shi ba. Da yana asibiti na ce sai ya koma gida. Da ya koma gida na ce sai ya ɗan warware. Daga nan kunya ta yi mini yawa, na koma aika gaisuwa ta bakin masu kawo kifi. Da na ga su ma suna yi mini wani irin kallo, har kifin Jabal na daina saya. Shekara shida, Uwata. A cikinsu na auri innarki, ban gaya mata ba sai da ta ga ina kauce wa layin masu kifi ta tsare ni da tambaya. Tana da cikinki wata bakwai ta ce da ni, "Da wannan bakin za ka yi wa abin da zan haifa huɗuba a kunne? Je ka wanke shi tukuna."

Wata Juma'a na sayi sukari da ganyen shayi, na sa tsohon zoben a aljihu, na hau mota zuwa Jabal Awliya. Na same shi a gindin bishiya kusa da ruwa yana ɗinke wa masunta raga. Na durƙusa a gefensa na fara. Na faɗi duk abin da na tara shekara shida, na yi kuka, gemuna ya jiƙe, shi kuwa yana ta ɗinkinsa. Sai da na gama ya waiwayo ya ce, "Usta, in magana kake yi dawo ta nan, wannan ɓangaren a rufe yake." Ashe a hagunsa na zauna. Haka na tashi na zagaya na sake ɗaukowa daga farko, wannan karon ba hawaye, duk sun ƙare a wancan kunnen.

Da na gama ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Kunnen na haƙura da shi tun shekarar farko. Abin da ya fi yi mini ciwo, na ɗauka ka manta da ni." Ya ce, "Tsohon zoben yana nan?" Na ciro shi. Ya shiga gida ya ɗauko agogon, a kan tabarmarsa na cire sabon na mayar da tsohon. Ya sa yatsa a tsagar ya rufe ido, ya daɗe a haka. Sai ya miƙo mini. Ya ce, "Ni na gama da ruwa. Ka riƙe, ka ba wanda zai shiga."

Don haka in kin ɓata wa wani, ki je da ƙafarki, kuma ki je da wuri. Kada ki aika saƙo ta waya ki ce kin sauke nauyi. Ni na ɗauka ina ɓoye masa fuskata ne don kada in tayar masa da ciwo, ashe kaina nake ɓoyewa, shi kuma yana can yana duban hanya. Allah Ya jiƙan Baba Tanko, ya zo sunanki, ya tofa miki addu'a a ka.

Kuskurena na uku ƙarami ne, amma har yau in na tuna sai in ji zafi a fuska. Kina firamare lokacin. Wani Bature da ke aiki a Khartum ya riƙa zagaya kasuwa da tafinta yana neman tsofaffin agogunan nutso. A bakinsa na fara jin cewa akwai masu tara su kamar yadda wasu ke tara tattabaru. Kuma abin mamaki, ba sa son sabo. Fuskar da rana ta mayar ruwan shayi da madara ita suke so. Fentin hannuwa da ya tsufa ya yi rawaya, zoben da ya koɗe, kurjin da ke jiki, duk wannan ne abin nemansu, kuma sai sun tambaya wa ya ɗaura shi, a wane ruwa. Ya ce agogon ofis lokaci kawai yake faɗa, wannan kuwa an taɓa jingina rai a kansa.

Maƙwabcina Usta Babikir ne ya tona ni, ya ce akwai guda a wurin Haruna. Na kawo washegari. Baturen ya sa madubi a ido ya dubi zoben, da tafinta ya gaya masa aikin tsagar sai ya cire madubin. Sannan ya juya jikin agogon, ya ga yadda aka cinye masa kusurwoyi da guga, ya ɓata fuska. Tafinta ya ce, "Wai wane azzalumi ne ya goge wannan?"

Ni kuwa ko ƙifta ido ban yi ba na ce, "Wani ne can a Bahri, bai san aiki ba."

Usta Babikir, wanda a gabansa na yi gugar, ya yi tari, ya sunkuya yana zuba gahawar jabana a finjalin da ya riga ya cika. Bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya bar duniya, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Baturen ya so ya saya, ya matsa ƙwarai, ni ma ba zan ɓoye miki ba, na ce ya ba ni kwana biyu in yi shawara. Innarki ce ta ce, "Shawarar me? Cewa aka yi ka riƙe, ba a ce naka ne ba."

Uwata, ki koyi faɗin "ni ce". A tebur irin nawa ƙarya kunya kawai take jawowa. A wurin aikinku, in kin manta ba ki duba tukunya ba, ko kin ɗaura abu ba daidai ba, kika ji nauyin faɗa, wani ne zai sauka da shi. Ki faɗa a gaban kowa, ki sha faɗan, ki ci abincinki.

Da yaƙin nan ya ci kasuwa, teburina da madubina da agogunan mutane duk suka tafi. Gwangwanin nan kaɗai na fita da shi, a cikin buhun gari. Shekara da shekaru ina duban samari, ina cewa ko wannan ne zai shiga, ko wancan. Ko sau ɗaya ban dubi cikin gidana ba.

Yanzu na zo kan wanda ya sa na ɗauki biro. Tun kina rarrafe na raba ki da kogi, ban gaya miki dalili ba. Kina shekara tara aka ce an gan ki a gaɓar Abu Rof kina iyo da 'ya'yan gwaggonki, na jawo ki gida da kunne. Sai kika koya a ɓoye, innarki na rufa miki asiri, ni ina nan ina shirya miki farar riga da kantin magani, inda ko ƙafarki ba za ta jiƙe ba. Ranar da kika kawo mini takardar nan, cewa an ɗauke ki cikin masu nazarin murjani a Bahar Maliya, kuma za a koya miki nutso da tukunya, ban karanta ta har ƙarshe ba. Na ce, "Ba da yawuna ba." Kika tsaya riƙe da tire, kika ce, "Yaba, ko tambayata ba ka yi ba me ya sa."

Kwana goma sha biyu kina kawo shayi ina mayar da shi ban taɓa ba. Kina tsammanin fushi nake. Tsoro ne, Uwata. In na rufe ido jinin kunnen Baba Tanko nake gani, a kan fuskarki. Amma maganarki ta ƙi barina. Na sake yin abin da na yi ina ɗan ashirin da shida: na ga wani abu a jikinki da bai yi mini kyau ba, na ɗauko abin guga, ban tambaya me yake yi miki ba. Da furfurata da komai ban koyi darasin ba. Na yi kuskure, kuma ni ne, ba wani a Bahri ba.

To, ga tambayar, ko da ta makara: me ya sa? Me kike gani a can ƙasa da yake kiran ki? Ki gaya mini kafin Asabar, ko a waya in kin sauka. Ko rabinsa Larabci ne zan saurara, ba zan katse ki ba.

Agogon na buɗe shi shekaranjiya da aron kayan aiki. Cikinsa kawai na taɓa. Na sake masa roba, na ɗauki hayar kwalekwale, na ɗaure shi a igiya da dutse na zura shi tsakiyar kogi sau uku. Masuncin da ke tuƙa ni ya daure, ya daure, sannan ya ce, "Ya Hajj, wane kifi ne ke cin agogo?" Ko raɓa ba ta shiga gilashin ba. Amma ki ji ni da kyau: ya tsufa, kusan sa'ana ne. Ki ɗaura shi tare da na'urar da za su ba ki, in sun saɓa ki bi na'urar, ki bi malaminki. Minti ashirin na Baba Tanko ne, da tukunyarsa da ruwansa, naki sai an auna miki. Kada ki sauka ke kaɗai. Kada ki bar salla saboda jirgi zai tashi. A can za ki haɗu da masu ganin agogon su ce ki sayar, ki ce musu riƙo aka ba ki. Wanda ya ce bari ya goge miki shi, ki ɓoye hannunki.

Ba ki yi mini laifin da zan yafe ba, ke ce za ki yafe mini. Da yawuna za ki tafi, da albarkata, duniya da lahira. Abu ɗaya nake roƙo. In lokacinki ya cika a ƙasa, ko me kike riƙe da shi, ko ya kai me kyau, ki sake shi ki hau, a hankali, ba irin hawan Baba Tanko ba. Akwai tsoho a Umdurman da ba shi da aikin yi yanzu sai duban lokaci.

Zan sa takardar nan a ƙarƙashin tiren shayi. Agogon ba zan sa miki a jaka ba. Na ƙara huda biyu a maɗaurin, don hannunki siriri ne kamar na mai sunanki, amma da ido na auna, ban tabbata ba. Gobe da safe ki kawo shayin, zan sha. Sannan ki miƙo mini hannunki na hagu.

Allah Ya yi miki albarka. Ya sa ki shiga lafiya ki fito lafiya, kowace shiga da fitarta. Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da mantuwa, Ya dawo mana da ke da kunnuwanki biyu, ki ji innarki tana faɗan kin rame. Na ba Allah ajiyarki, Shi da ajiya ba ta ɓata a wurinSa.

Wassalam.

Mahaifinki,
Haruna mai agogo
Umdurman